Siyasar Neman 'Yanci da Haɗin Gwiwar Kiwon Lafiya a Afirka, 1946 zuwa 1970

Gabatarwa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai.

Idan ana koyar da tarihin samun 'yancin ƙasashen Afirka a makarantunmu, yawanci abin da ake kawowa shi ne tarurrukan tsarin mulki, da jam'iyyu, da zaɓe, da ranar da aka sauke tutar Turawa aka ɗaga tamu. Tarihin kiwon lafiya kuwa akan ware shi gefe guda a bar wa likitoci da malaman asibiti, kamar dai babu abin da ya haɗa shi da siyasa. A wannan maƙala ina so in nuna wa mai karatu cewa abubuwan nan biyu a sarƙe suke. Garin da aka kafa ofishin Hukumar Lafiya ta Duniya na Afirka, da wanda aka ɗora a kan kujerarsa, da cutar da aka zaɓa a yaƙa da wadda aka jinkirta, duk an yanke su ne a tsakiyar jayayyar da ake yi tsakanin masu mulkin mallaka da masu neman su tafi.

Zan ɗauko bayanin daga shekarar 1946 zuwa 1970, kuma duk inda labarin ya biyo ta Nijeriya ta Arewa da maƙwabtanmu na Nijar zan ɗan tsaya a kai. Fatana malaman makaranta su samu abin da za su ƙara wa ɗalibansu, dattawan da suka ga wani sashe na zamanin kuma su ga yadda abin da ya faru a ƙofar gidan dagacinsu ya haɗu da abin da ake tattaunawa a Jeniba.

Iyaka ɗaya, tsari biyu

Kafin Yaƙin Duniya na Biyu kowace ƙasar Turai da irin tsarin da take bi a yankunan da ta mallaka. A ɓangaren Ingilishi, musamman a nan Arewa, nauyin kiwon lafiyar talakawa yana wuyan En'e ne. Ita ke gina ɗakunan shan magani, ita ke biyan disfensa da duba-gari daga baitulmali, asibitocin gwamnati da na mishan kuma ba su da yawa. Likita na farko ɗan Arewa shi ne Dokta R. A. B. Dikko na Wusasa, wanda kuma yana cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa. Babban aikin da aka yi a wancan zamani shi ne yaƙi da ciwon barci a ƙasar Anchau ta Lardin Zazzau, inda aka sassare kurmin bakin rafuka don korar ƙudan tsando, aka tayar da mutane aka kafa musu sabon gari mai suna Takalafiya.

Faransawa kuwa likitocin soja suka ba wa aikin. Tsarinsu, wanda Dokta Eugène Jamot ya shahara da shi a Kamaru, shi ne ayarin ma'aikata ya riƙa bin ƙauye ƙauye, a tara jama'a dole, a duba kowa, a yi wa wanda aka samu da cuta allura. Cibiyar wannan aiki a Afirka ta Yamma tana garin Bobo-Julaso.

To amma mutumin Katsina da na Maraɗi kasuwa ɗaya suke ci, haka na Daura da na Damagaram, kuma Bafillace da shanunsa ba ya tambayar inda iyaka take. Idan sanƙarau ya taso da bazara, ko agana ta ɓulla, ba su tsayawa a shingen kwastan. Saboda haka tun kafin a zo batun 'yanci, likitocin ɓangarorin biyu sun san akwai buƙatar su yi aiki tare. Abin da ya zama rigima shi ne wa zai riƙe ragamar haɗin gwiwar.

Kafa Hukumar Lafiya ta Duniya da fargabar masu mulkin mallaka

An sa hannu a kan kundin tsarin Hukumar Lafiya ta Duniya a birnin New York a watan Yulin 1946, ya kuma fara aiki ranar 7 ga Afrilu 1948. A lokacin ƙasashe huɗu ne kawai a nahiyar Afirka ke da mulkin kansu, wato Masar da Habasha da Laberiya da Afirka ta Kudu, ita ma ta ƙarshen tana hannun tsirarun fararen fata. An tsara a raba duniya shiyya shida, kowace da ofishinta da kwamitinta. Shiyyar Afirka ce ta zo ƙarshe wajen samun ofishi, kuma jinkirin ba na rashin cuta ba ne.

Dalilin yana komawa ga Majalisar Ɗinkin Duniya kanta. Sashe na 73 na yarjejeniyar kafa ta ya ɗora wa masu mulkin mallaka su riƙa aika rahoto a kan halin tattalin arziki da zamantakewa da ilimi na yankunan da suke riƙe da su. Ƙasashe irin su Indiya da Masar da Tarayyar Sobiyet sun riƙa amfani da waɗannan rahotanni suna caccakar mulkin mallaka a zauren Majalisar. Faransa da Beljiyam da Fotugal, har da Ingila, sai suka fahimci cewa duk likitan Majalisar da ya shigo ya ƙirga yaran da ke mutuwa kafin yaye, ya kuma ƙirga yawan asibitoci, makami ne zai miƙa wa abokan hamayyarsu. A ganinsu, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Dabarar da suka yi ita ce su riga Majalisar. A watan Janairun 1950 Ingila da Faransa da Beljiyam da Fotugal da Afirka ta Kudu da Rodeshiya ta Kudu suka kafa tasu hukumar ta haɗin gwiwar ayyukan fasaha a Afirka kudu da Sahara, wadda aka fi sani da CCTA, da ofishinta a Landan. Ta riƙa shirya tarurrukan masana a kan ciwon barci da sammore da abinci mai gina jiki da makamantansu. Ba za a ce ba ta yi aiki ba, domin masanan sun yi musayar ilimi mai amfani. Sai dai babbar manufarta ta siyasa ita ce a nuna wa duniya cewa Afirka tana da masu kula da ita, ba ta buƙatar baƙin ido.

Wadda ta tsaya kai da fata a kan sai an buɗe ofishin shiyya ita ce Laberiya, ta bakin wakilinta Dokta Joseph Togba, wanda daga baya ya shugabanci babban taron Hukumar na 1954. A 1951 aka amince, kwamitin shiyyar ya yi zamansa na farko a Jeniba. Mai karatu ya dubi waɗanda suka zauna da sunan Afirka a wannan kwamiti: Ingila, Faransa, Beljiyam, Fotugal, Sifen, Afirka ta Kudu, Rodeshiya ta Kudu, sai Laberiya ita kaɗai a matsayin ƙasar baƙar fata. Da aka zo zaɓen mazauni, sai aka kai ofishin Barazabil a 1952, wato hedkwatar mulkin Faransa ta yankin tsakiyar Afirka, inda gwamnan Faransa zai iya sa ido a kan mai shiga da mai fita. Daraktan farko, Dokta François Daubenton, mutumin Holan ne. Wanda ya gaje shi a 1954, Dokta Francisco Cambournac, masanin zazzaɓin cizon sauro ne daga Fotugal, ƙasar da ta fi kowa taurin kai a kan riƙe yankunanta. Shekara goma ya yi a kujerar.

Taswirar da siyasa ta zana

Wani abin da ke ɗaure wa ɗalibai kai shi ne ganin cewa shiyyar Afirka ta Hukumar ba ta dace da taswirar nahiyar ba. Wannan ma gadon wancan zamani ne. Faransa ta dage cewa Aljeriya wani yanki ne na ƙasar Faransa, don haka aka sa ta a shiyyar Turai, aka haɗa da Maroko. Aljeriya ba ta dawo shiyyar Afirka ba sai 1984, Maroko kuwa ta koma shiyyar Gabashin Bahar Rum a 1986. Masar da Sudan da Libiya da Tunisiya da Somaliya suna can shiyyar Gabashin Bahar Rum ɗin, wadda ofishinta ya fara zama a Iskandariyya. Habasha ma can take har 1977.

Ita wannan shiyya ta Gabas ta gamu da tata matsalar. Ƙasashen Larabawa sun ƙi zama teburi ɗaya da Isra'ila, har kwamitin ya yi shekaru a farkon shekarun 1950 bai zauna ba. Daga bisani aka raba shi gida biyu don kowa ya zauna daban, kuma ba a rabu da wannan rigima ba sai da Isra'ila ta koma shiyyar Turai a 1985. Abin lura gare mu shi ne Chadi tana shiyya ɗaya, Sudan tana wata, alhali hanyar alhazanmu ta ƙasa ta bi ta cikinsu duka biyu, kuma dukkansu suna cikin zirin da sanƙarau ke yi wa ɓarna.

Yankunan da ba su da 'yanci an ba su damar shiga a matsayin 'yan rakiya, suna iya magana amma ba su da ƙuri'a a babban zaure. Nijeriya ta samu wannan matsayi a 1956 tare da Saliyo da ƙasar da ta zama Gana. Cikakkiyar kujera kuwa sai a 1960.

Sauro da gwajin Birnin Kebbi

Babban misalin abin da rashin ƙuri'a ke jawowa shi ne batun zazzaɓin cizon sauro. A ƙarshen 1950 an yi taron masana a Kampala, inda suka rabu biyu. Wasu na ganin a shiga feshin maganin sauro gadan-gadan. Wasu kuma na tsoron idan aka rage cutar na 'yan shekaru sannan kuɗi ya ƙare, manya za su rasa garkuwar da jikinsu ya saba da ita, cutar ta dawo ta fi da muni. A 1955, a babban taron da aka yi a birnin Meziko, Hukumar ta ƙaddamar da shirin kawar da cutar daga duniya baki ɗaya ta hanyar fesa DDT a bangon ɗakuna. A lokacin Tarayyar Sobiyet da ƙawayenta sun janye daga Hukumar tun 1949, don haka Amurka ce ke da babbar murya, ita ce kuma ta zuba mafi yawan kuɗin, tana ganin shirin a matsayin hanyar jawo ƙasashe matalauta daga kwaminisanci.

Ko da yake an kira shi shirin duniya, Afirka kudu da Sahara, inda cutar ta fi kisa, ba a sa ta ciki sosai ba. An ce a dakata a yi 'yan gwaje-gwaje tukuna. Ɗaya daga cikin manyan gwaje-gwajen an yi shi ne a yammacin Lardin Sakkwato, a yankin Birnin Kebbi, daga 1954, da taimakon Hukumar da Asusun Kula da Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya. An riƙa bin gidaje ana feshi, amma ba a daɗe ba aka gano cewa sauron yankin ya daina jin ɗaya daga cikin magungunan, wato dieldrin. Cutar ta ragu amma ba ta yanke ba.

Hujjojin da aka bayar na barin Afirka a baya suna da ƙanshin gaskiya, domin sauronmu ya fi na wasu wurare naci, ga ƙarancin hanyoyi da ma'aikata da ɗakunan shan magani. Sai dai ƙarancin ma'aikatan nan sakamakon shekaru hamsin ne na mulkin waɗanda suke zaune a kujerunmu a taron, kuma babu ɗan Nijeriya ko ɗan Nijar da ya kaɗa ƙuri'a a ranar da aka yanke shawarar. A 1969 Hukumar ta sauka daga kan burin kawar da cutar. A shekarar ce kuma aka fara binciken Garki, a tsohuwar Jihar Kano, yanzu Jigawa, wanda ya kai 1976, ya kuma tabbatar da cewa feshi da rabon magani, ko an yi su da kyau, ba su isa su yanke cutar a irin ƙasarmu ba.

'Yanci ya zo da rarrabuwa

Mutum zai zaci da zuwan 'yanci haɗin gwiwa zai ƙaru nan take. Abin da ya faru da farko kishiyar haka ne. Ingilishi sun bar cibiyoyin bincike na tarayya tsakanin Nijeriya da Gana da Saliyo da Gambiya, cikinsu har da majalisar binciken magunguna da ke Yaba a Legas, da cibiyar binciken ciwon barci da sammore da ke Kaduna da Vom. Gwamnatin Kwame Nkrumah ta ɗauki waɗannan cibiyoyi a matsayin ragowar mulkin mallaka, ta fi son kowace ƙasa ta kafa nata. A farkon shekarun 1960 tarayyar ta watse, cibiyar Kaduna ta zama ta Nijeriya ita kaɗai a 1964.

A ɓangaren Faransa darasin ya fi ɗaci. Da mutanen Gini suka ƙi amincewa da tayin Janar de Gaulle a ƙuri'ar 28 ga Satumba 1958, Faransa ta kwashe ma'aikatanta cikin 'yan watanni, har da likitoci. Sauran ƙasashen sun ga abin da ya samu Sékou Touré, suka shafa wa gemunsu ruwa. A 1960 suka kafa ƙungiyar yaƙi da manyan cututtuka mai suna OCCGE, da hedkwata a Bobo-Julaso, Nijar tana ciki, Faransa ma tana ciki tana ba da kuɗi da likitocin soja. Aka kafa irinta ta tsakiyar Afirka a Yawunde a 1963. Ta haka ayarin masu allura bai tsaya ba a ƙasashen, amma bangon da ke tsakanin masu Faransanci da masu Ingilishi ya ƙara tsawo.

Dangantakar Nijeriya da Faransa ma ta yi tsami a kan wani al'amari da ya shafi lafiya kai tsaye. A Fabrairun 1960 Faransa ta fara gwajin bam ɗin nukiliya a Reggane, cikin hamadar Aljeriya. Jama'a a nan sun tsorata cewa iskar hunturu za ta kwaso ƙurar gubar ta sauke mana. Bayan gwaji na uku, gwamnatin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa ta kori jakadan Faransa a Janairun 1961, kuma an ɗauki shekaru kafin a maido da hulɗa.

Mafi munin hali shi ne na Kwango. Ranar da ta samu 'yanci daga Beljiyam, 30 ga Yuni 1960, babu ɗan ƙasar ko ɗaya da ya kammala karatun likita. Da sojoji suka yi bore, likitocin Beljiyam da yawa suka gudu. Hukumar Lafiya ta shiga neman likitoci daga ƙasashe daban-daban don cike gurbi, ta kuma tura mataimakan likita 'yan Kwango zuwa jami'o'in Faransa su ƙarasa karatu. A daidai lokacin sojoji da 'yan sandan Nijeriya suna can ƙarƙashin tutar Majalisar Ɗinkin Duniya. Daga abin da ya faru a Kwango ne horar da ma'aikatan lafiya 'yan ƙasa ya zama kan gaba a ayyukan Hukumar a Afirka.

Rigimar kujera: Afirka ta Kudu da Fotugal

A 1960 kaɗai ƙasashen Afirka 17 suka samu 'yanci, kuma nan da nan rinjaye ya juya a kwamitin shiyyar. Sabbin ministocin lafiya suka tarar da kansu a teburi ɗaya da wakilan gwamnatin wariyar launin fata, wadda 'yan sandanta suka harbe mutum 69 a Sharpeville a watan Maris na shekarar, da kuma wakilan Fotugal, wadda ta shiga yaƙi da 'yan neman 'yancin Angola a 1961. Da aka kafa Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a Adis Ababa a Mayun 1963, shugabanni suka yanke shawarar ƙaurace wa ƙasashen biyu a ko'ina. Wata guda bayan haka, a taron Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, Ministan Ƙwadago na Nijeriya, Cif J. M. Johnson, ya ajiye shugabancin taron don kada ya zauna yana sauraron wakilin Afirka ta Kudu.

Guguwar ta iso Hukumar Lafiya a watan Satumban 1963. Wakilan Afirka suka ƙi ci gaba da zaman kwamitin shiyya muddin wakilan ƙasashen biyu suna zaure, taron ya watse ba tare da an kammala aikinsa ba. Wa'adin Dokta Cambournac ya ƙare a farkon 1964, ofishin Barazabil ya yi kusan shekara guda babu zaɓaɓɓen darakta.

Ya kamata a fahimci hujjar kowane ɓangare, domin muhawarar ba ta mutu ba har yau. Ƙasashen Yamma suka ce Hukumar ta likitoci ce, ba dandalin siyasa ba. Idan aka kori wata ƙasa, wa zai ba da rahoton annoba idan ta ɓulla a can, kuma su wa za su cutu in ban da baƙaƙen fatar da ake cewa ana kare wa haƙƙi? Wakilan Afirka suka amsa da kundin Hukumar kansa, wanda ya bayyana lafiya a matsayin cikakkiyar walwalar jiki da hankali da zamantakewa, ya kuma ce haƙƙi ne na kowane ɗan Adam ba tare da bambancin launi ba. Suka ce gwamnatin da ta raba asibiti da motar ɗaukar marar lafiya bisa launin fata, ta cusa mutane a matsugunan da tarin fuka da tamowa suka yi katutu, ita da kanta ce sanadin cutar, don haka zancen wariya zance ne na lafiya.

Kundin bai tanadi korar ƙasa ba. Abin da ya tanada a sashe na 7 shi ne dakatar da ƙuri'ar wadda ta ƙi biyan kuɗi, ko kuma a wani yanayi na musamman. Da wannan ƙofa aka bi a babban taron Maris 1964 aka dakatar da ƙuri'ar Afirka ta Kudu, wakilanta suka tattara takardunsu suka fice. A 1965 aka zartar da gyaran kundi da zai ba da damar korar ƙasa mai aikata wariya, amma gyaran yana buƙatar amincewar kashi biyu cikin uku na ƙasashe, kuma bai samu hakan ba. A 1966 aka dakatar da Fotugal daga kwamitin shiyyar Afirka da ayyukansa. Fotugal ta saki yankunanta bayan juyin mulkin 1974, Afirka ta Kudu kuwa ba ta dawo kujerarta ba sai Mayun 1994, shekara talatin cif.

A tsakiyar wannan dambarwa aka samu abin da ake nema tun 1951. A 1965 Dokta Alfred Quenum na Dahome, wato Jamhuriyar Benin ta yanzu, ya zama ɗan Afirka na farko da ya shugabanci ofishin Barazabil, ya riƙe shi har rasuwarsa a 1984. Ita ma CCTA, wadda ta riga ta dawo da ofishinta Legas, an raba ta da Fotugal da Afirka ta Kudu, sannan a 1965 ta narke cikin Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka. Hukumar da aka gina don tsare mulkin mallaka sai ga ta a hannun waɗanda suka kawar da shi. Daga baya ɗan Nijeriya, Farfesa Adeoye Lambo, ya kai matsayin mataimakin babban darakta na Hukumar Lafiya baki ɗaya, har 1988.

Agana: inda gasa ta haifi alheri

Ba kullum siyasa ke ɓata aiki ba. Da Tarayyar Sobiyet ta dawo Hukumar, wakilinta Viktor Zhdanov ya kawo shawarar kawar da agana a 1958, aka amince a 1959, amma shirin ya yi ta jan ƙafa saboda kuɗi duk sun tafi wajen sauro. A farkon shekarun 1960 an gwada sabuwar allurar ƙyanda ta Amurka a ƙasar da yanzu ake kira Burkina Faso, ƙasashen OCCGE suka nemi a faɗaɗa musu. Amurka, wadda ke neman abokai a cikin sabbin ƙasashe, ta yarda. Likitocinta suka ba da shawarar a haɗa da agana, suka kuma nuna cewa aikin banza ne a yi wa Nijar da Dahome da Kamaru lamba a bar Nijeriya, wadda take da kusan rabin jama'ar yankin. A Nuwamban 1965 Shugaba Johnson ya sanar da shirin, wanda daga baya ya game ƙasashe 20, da ofishinsa a Legas. Wannan ne karo na farko da aka haɗa masu Faransanci da masu Ingilishi a aikin lafiya guda mai girma haka.

An fara a 1967, shekarar da yaƙin basasa ya ɓarke. A ƙasar Ogoja, tun Disamban 1966, ƙarancin allura ya tilasta wa Dokta William Foege ya bar yi wa kowa da kowa, ya koma neman inda cutar take, a yi wa mutanen gidan da maƙwabta da 'yan kasuwar da suke cuɗanya da su. Dabarar ta yi aiki, daga baya ta zama ginshiƙin shirin a duniya. A nan Arewa kuwa ƙarfin aikin ya fito ne daga sarakuna. Umarni kan sauko daga sarki zuwa hakimi, zuwa dagaci da mai unguwa, sanƙira ya yi shela, jama'a su yi layi a ƙofar fada a bi su da bindigar allura da ake takawa da ƙafa. Ni da tsararrakina muna ɗauke da tabon lambar nan a dantsenmu. A ƙarshen 1969 aka yi bikin cika mutum miliyan 100 a Jamhuriyar Nijar, kuma a Mayun 1970 aka ga mai agana na ƙarshe a yankin, a Nijeriya. Na ƙarshe a duniya da ya kamu ta hanyar yaɗuwa an same shi a Somaliya a 1977, aka yi shelar kawar da cutar ranar 8 ga Mayu 1980.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa Afirka ba ta samu murya a harkar lafiyar duniya a kyauta ba. An fara da wasu na magana da yawunta, aka bi ta ƙaurace wa taro da dakatar da ƙuri'a, kafin ɗanta ya hau kujerar Barazabil. Ribar da aka samu ita ce mai ɗaki ya samu bakin faɗin inda yake masa yoyo. Asarar kuwa ita ce shekarun da aka ɓata, da cibiyoyin tarayya da aka rusa cikin zafin kishin ƙasa. Ɓarakar da ke tsakanin masu Faransanci da masu Ingilishi ba a ɗinke ta a hukumance ba sai 1987, lokacin da ECOWAS ta amince a haɗe ƙungiyoyin ɓangarorin biyu a kafa hukumar lafiya ɗaya ta Afirka ta Yamma, aka sa mata mazauni a Bobo-Julaso, ta kuma fara aiki a 2000.

Zargin da mulkin mallaka ya shuka shi ma bai gushe da saukar tuta ba. Mun ga haka a 2003, lokacin da aka dakatar da rigakafin shan-inna a Kano da wasu jihohi, cutar ta tsallaka ƙasashe da dama kafin a dawo da aikin a 2004. Abin da ya gyara lamarin shi ne abin da ya yi aiki a zamanin agana, wato shigar sarakuna da malamai, har aka kai ga shelar 25 ga Agusta 2020 cewa shiyyar Afirka ta rabu da ƙwayar shan-inna ta asali. A Janairun 2025 kuma Nijar da Mali da Burkina Faso suka kammala ficewa daga ECOWAS, a watan ne kuma Amurka ta sanar da janyewarta daga Hukumar Lafiya ta Duniya.

Shawarata ga hukumomi ita ce, duk yadda saɓani ya kai tsakanin gwamnatoci, a bar ƙofar musayar rahoton annoba a buɗe tsakanin Katsina da Maraɗi, da tsakanin Sakkwato da Ƙonni, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ga malamai kuma, ina roƙon su tura ɗalibai wurin dattawan da suka yi aikin duba-gari da disfensa da lamba, a rubuta abin da suka gani tun suna raye, a kawo wa wannan hukuma ta adana. Allah Ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.